"Ita kuma wannan tana gida"

Assalamu alaikum Anti. Ni budurwa ce 'yar shekara 26, a Zariya nake. Mu biyar ne a wurin iyayenmu, ni ce ta uku. Babban yayanmu likita ne a Abuja, mai bi masa lauya ce, ƙannena biyu suna jami'a. Ni kuwa sau uku ina rubuta JAMB ban dace ba, na haƙura. Shekara 4 ke nan da kakarmu Hajiya, mahaifiyar Baba, ta samu shanyewar ɓarin jiki, kuma tun ranar da aka sallamo ta ni ke ɗakinta. Ni ke mata wanka, ni ke juya ta, ni ke ba ta abinci don ba ta karɓa a hannun kowa. Maganarta ba ta fita sosai, in baƙi sun zo ni ke faɗa musu abin da ta ce. Da Yaya ya zo hutu ya duba bayanta bai ga gyambo ko ɗaya ba, ya ce Hajiya fatarta mai kyau ce.

Watan jiya aka yi bikin yayata. Abokan Baba suka zo, ya kira mu yana nuna mu ɗaya bayan ɗaya: wannan likita, wannan lauya, wannan yana karatun injiniya. Da ya zo kaina sai ya ce, "Ita kuma wannan tana gida." Aka wuce. Tun ranar ban ƙara barcin kirki ba. Bara wani ya fito neman aurena, aka ce ya dakata saboda wa zai kula da Hajiya, ya jira har ya gaji ya tafi. Yanzu har haushin Hajiya nake ji, alhali ba ta yi mini komai ba, sai in koma gefe in yi ta kuka. Anti, don Allah ki faɗa mini gaskiya: akwai mutanen da Allah ya halitta ba tare da wata baiwa ba? Kowa a gidanmu da abin da ake nuna shi da shi, ni ce kawai babu.

Daga wata 'yarki a Zariya.

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya ba Hajiya sauƙi, ke kuma ya sanyaya miki zuciya.

Sau uku na karanta wasiƙarki, kuma duk karatun a layi ɗaya nake cijewa. Ke kin rubuta shi a gurguje kin wuce kamar ba komai ba: wai Yaya ya duba bayan Hajiya bai ga gyambo ba, ya ce fatarta mai kyau ce. Bari mu zauna a kan layin nan tukuna, maganar Baba za ta biyo baya.

Duk wanda ya taɓa jinyar mutumin da ba ya iya juya kansa ya san abin da doguwar kwanciya ke yi wa jiki. Nauyin mutum yana danne fatar da ke kan ƙashi, wato tsatso da kwatangwalo da diddige da allon kafaɗa, har da ƙeya. Jini ya kasa ratsawa, nama ya fara mutuwa tun daga ciki. Cikin 'yan sa'o'i ɓarnar ke somawa. A jikin baƙar fata irin tamu kuma ba a cika ganin ja ba, wurin duhu yake ƙarawa, ya yi ɗumi ko ya yi tauri, sai mai lura sosai ke gane shi kafin ya fashe. In fitsari ko gumi ya jiƙa wurin, abin ya fi sauri. Shi ya sa malaman asibiti ke cewa a riƙa juya marar lafiya kamar duk bayan awa 2, dare da rana. Ki yi lissafin da kanki: sau 12 a rana, har shekara 4, ya haura sau 17,000. Ko rabin haka kika yi, babu fatar da kyanta zai kai ta shekara huɗu a kan katifa lafiya lau in babu hannun da ke tashi ƙarfe biyun dare ya juya ta. Fatar Hajiya fatar tsohuwa ce kamar ta kowace tsohuwa. Aikin hannunki Yaya ya gani a bayan nan, bai dai kira sunan mai aikin ba.

Ni da idona na ga bambancin. Shekarun baya mahaifiyata ta kwanta a wani asibiti kusan wata biyu, ni ke jinyarta. Ina da takardun makaranta, ina da aikin ofis, ina ganin babu abin da zai gagare ni. Kwana na goma sha ɗaya ina canja mata zane sai na ga tabo a tsatsonta kamar girman murfin kwalba, har ya saluɓe. Na tsaya riƙe da zanen na rasa abin yi, hawaye na zuba. A gadon kusa da namu wata mata ce daga ƙauye take jinyar uwar mijinta. Ba ta yi boko ba, takardar magani ma ni take kawo wa in karanta mata. Ta taso ba ta ce komai ba, ta karɓi zanen a hannuna, ta ninka shi biyu, ta shimfiɗa a ƙarƙashin Inna daga kafaɗa zuwa cinya. Ta ce, "Kama can in kama nan. Kada ki ja ta, jan ne ke goge fatar. Ɗagawa ake yi." Muka ɗaga, Inna ta juya kamar jaririya, ko uhum ba ta ce ba, alhali ni duk juyin da na yi mata sai ta yi nishi. Matar ta cusa filo tsakanin gwiwoyinta, ta naɗe wani tsohon zane ta sa ƙarƙashin ƙwaurinta yadda diddigen zai tsaya a iska bai taɓa katifa ba. Ta hana ni ba ta kunu tana kishingiɗe. Ta ce a zaunar da ita sosai, kada kanta ya langaɓe baya, a yi amfani da ƙaramin cokali, a jira ta haɗiye kafin a ƙara, kuma kada a kwantar da ita nan take. Daga baya wata malamar jinya ta tabbatar mini da duka, ta ce sarƙewar nan da ake rainawa ita ke tura abinci cikin huhu, ya zama ciwon huhun da ke tafiya da masu shanyewar jiki da yawa.

An sallame su kafin mu, da sassafe, ina barci. Ban tambayi sunanta ba, har yau abin yana ci mini rai. Gyambon Inna ya warke, ta ƙara shekara shida a duniya. Kuma duk wanda na koya wa ninka zane daga lokacin zuwa yau, ƙannena da maƙwabta da ƙawaye, daga hannun matar nan ya karɓa, bai ma san da ita ba.

Sai maganar baki. Shanyewar jiki tana taɓa magana ta hanya fiye da ɗaya. Wani harshensa da laɓɓansa ne ke yin nauyi, kalmar tana nan a kansa amma ta fito a dagule. Wani kuwa kalmar ce ke ɓace masa, yana son ya ce ruwa sai ya ce buta. Sau da yawa hankalin yana nan daram, mutum na jin duk abin da ake faɗa a kansa. Ki sa kanki a matsayin Hajiya: ta haifa, ta aurar, ta ga jikoki, gida guda ana jin maganarta, rana ɗaya aka wayi gari tana magana ana kallon juna ana cewa "me ta ce?" Da bakinki take gaisawa da ɗan da ta haifa. Da bakinki take cewa gishiri ya yi yawa, da bakinki take sa wa jikoki albarka. Kada ki ce ai don kina zaune a gida ne. Mutum nawa ke kwana a gidan nan? Kowa da kunnuwansa biyu, ke kaɗai ke ji. Akwai lura a cikin wannan, akwai haƙurin jira har kalma ta fito, akwai iya karanta ido da motsin yatsa. Ba kowa aka ba ba. Na san masu ilimi da kirki da ba sa iya minti goma a ɗakin marar lafiya, warin magani kaɗai ya ishe su.

To ga amsar tambayarki kai tsaye: a'a. A iya shekarun da na yi ina sauraron matsalolin mutane ban taɓa haɗuwa da wanda aka bari hannu wofi ba. Waɗanda na haɗu da su da yawa su ne waɗanda aka auna da mudun da ba nasu ba. Ke da mudu ɗaya aka auna ki, jarrabawar 'yan sa'o'i a gaban kwamfuta, sau uku, sai kika ɗauka hukuncin da ta yanke ya haɗa da duk abin da ke cikinki. JAMB tana auna abin da aka yi ta domin ta auna, kuma yana da amfaninsa. Ba ta da tambaya ko ɗaya a kan yadda ake gane tsohuwa na jin fitsari tun kafin ta motsa.

Akwai wani labari na Imamu Malik, limamin Madina da mafi yawanmu a ƙasar nan muke bin mazhabarsa, wanda ya rasu a shekara ta 179 bayan hijira. Wani bawan Allah mai yawan ibada, Abdullahi al-Umari, ya rubuta masa takarda yana kwaɗaitar da shi ya janye daga taron jama'a ya keɓe kansa ga bauta. Malik ya mayar masa da amsa cewa Allah ya rarraba ayyuka kamar yadda ya rarraba arziki: wani an buɗe masa ƙofar salla ba a buɗe masa ta azumi ba, wani an buɗe masa ta sadaka, wani ta jihadi. Ya ce shi an buɗe masa ta yaɗa ilimi, ya yarda da rabonsa, ba ya ganin abin da yake kai ya gaza abin da al-Umari ke kai, kuma yana fatan dukansu biyu suna kan alheri. Abin da ke burge ni a amsar nan shi ne bai rushe ƙofar ɗan'uwansa ba don ya ɗaga tasa. Ke ma ba sai kin raina likitancin Yaya ko lauyancin yayarki kafin ki ga girman naki ba. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Ita ƙofar da aka buɗe miki kuwa tsohuwar ƙofa ce mai tarihi. A yaƙin Handaƙ, shekara ta 5 bayan hijira, kibiya ta samu Sa'adu ɗan Mu'azu, shugaban ƙabilar Ausu, a jijiyar hannu. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa aka kai shi tantin Rufaida al-Aslamiyya da ke masallaci, domin ya riƙa duba shi daga kusa. Rufaida mace ce da ta ba da kanta ga jinyar masu rauni da waɗanda ba su da mai kula da su. Madina cike take da jarumai da mahaddata a lokacin, amma da babban mutum ya faɗi yana zubar da jini, hannunta aka nema.

Ki duba kuma yadda abin naki ke ratsa gidanku. A Suratuz Zukhruf, aya ta 32, Allah ya ce shi ya raba wa mutane abin rayuwarsu, ya ɗaukaka wasu a kan wasu da darajoji domin sashensu ya riƙa yi wa sashe aiki. Mutane sukan karanta ayar su hango mai kuɗi da ɗan aikinsa kawai. Ni gidanku nake hangowa. Yaya yana tsaye a kan marasa lafiya a Abuja hankalinsa kwance, wayarsa ba ta ƙara tsakar dare ana cewa ka zo Hajiya ta rikice. Yayarki ta yi shari'o'inta, ta yi bikinta. Ƙannenki suna karatu ba a kira su gida ba. Mama tana samun barci. Baba yana fita nema da safe bai bar zuciyarsa a ɗakin mahaifiyarsa ba. Duk sunayen da ya jera wa abokansa ranar nan, akwai kasonki a cikin kowanne. Ki cire kanki daga gidan na sati biyu a zuci, ki ga wa zai ajiye aikinsa.

Yanzu maganar Baba. Ba zan ce miki "ai ba komai" ba, domin da komai. Kalma ce ta uba, a gaban baƙi, a ranar taro, kuma ta yi miki ciwo da hujja. Ba zan kuma ɓoye miki cewa mutanenmu ba sa auna baiwa da adalci ba. Wadda ke zuwa da farar riga da albashi ana tashi a ba ta kujera, wadda ke zuwa da fo da ruwan ɗumi ana cewa "sannu da ƙoƙari" a wuce. Haka abin yake, kuma kuskure ne.

Sai dai ban ɗauki Baba azzalumi ba. Likita kalma ɗaya ce, lauya kalma ɗaya ce, suna da saurin fita a baki. Abin da kike yi ba mu ba shi laƙabi ba, sai ya laluba bai samu ba ya ce kina gida. Wani uban kuma kunyar kansa ce ke sa shi saurin wucewa: can ƙasan ransa ya san akwai 'yar da ya ɗora wa kayan da nasa ne, ba ya son a tsaya a kanta a yi tambaya. Irin wannan mantuwa tana samun mutanen kirki ma. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin wata baƙar mata mai sharar masallacin Annabi. Ta rasu aka binne ta ba a sanar da shi ba, kamar an ga lamarinta bai kai a tashe shi ba. Da bai gan ta ba ya tambaya, aka faɗa masa, ya ce me ya sa ba ku sanar da ni ba, ku nuna mini kabarinta. Ya je ya yi mata salla. Waɗanda suka ga abin ƙarami ne mutanen kirki ne na gaske, amma sai da aka tuna musu.

Baba ma tuni yake buƙata, kuma shirunki ba zai tuna masa ba. Ki nemi lokacin da yake cikin natsuwa, bayan isha'i misali, ki kai masa shayinsa da kanki, ki durƙusa ki ce, "Baba, ina da 'yar magana in ka ba ni izini. Ranar bikin yayata da ka ce ina gida, abin ya tsaya mini a rai. Na san ba da wata manufa ka faɗa ba. So nake in ji daga bakinka ko abin da nake yi wa Hajiya yana da daraja a wurinka." Daga nan ki yi shiru, kada ki cika wurin da kuka ko da ba da haƙuri. Ki bar shi ya nemo amsa. In kin san bakinki ba zai iya ba, ki samu gwaggonki ko baffanki wanda Baba ke jin maganarsa, ki faɗa masa kamar yadda kika faɗa mini. Kuma duk ranar da wani ya sake tambayarki me kike yi, kada ki sunkuyar da kai ki ce "ba komai". Ki ce, "Ni ke jinyar kakata, shekara huɗu ke nan." In kin saba faɗa, mutanen gida za su koya daga bakinki.

Inda raina ya fi ɓaci a wasiƙarki shi ne maganar manemin nan, kuma a nan ba zan sassauta ba. Ba daidai aka yi miki ba. Kula da Hajiya wajibi ne a kan 'ya'yan da ta haifa kafin kowa, wato Baba da 'yan'uwansa. Ke jika ce da ta ɗauki nauyin saboda Allah da ƙauna, ladanki na wurinsa, amma wannan bai mayar da nauyin naki ke kaɗai ba. Annabi ya yi umarni cewa in wanda aka yarda da addininsa da halinsa ya zo neman aure a ba shi. Ba a ce sai in babu marar lafiya a gida ba. Akwai wata dabara da gidaje ke yi ba tare da sun ankara ba: da zarar an ga mutum ya iya abu, sai a sakar masa shi gaba ɗaya a ce "ai ita ce ta iya". Yabo ne a baki, amma a aikace ɗauri ne. Baiwarki ba dalili ba ce na a tsare ki a ɗaki ɗaya har ƙuruciyarki ta wuce.

Saboda haka zaman da za a yi da Baba kada ya tsaya a kan kalmar ranar biki. A zauna da gwaggonni da baffanni da yayyenki a raba aikin. Ki koya wa mutum biyu aƙalla yadda kike juya ta da yadda kike ba ta abinci. Kin ce ba ta karɓa a hannun kowa, na yarda, amma hakan na canjawa in an bi a hankali: ki zauna a gefe wata na ba ta kina mata hira, yau cokali uku, gobe biyar, har ta saba. Ki samu kwana ɗaya cikakke a sati da ba ki da alhakin kowa, da wasu darare da wani zai karɓe ki ki yi barci har asuba. Masu albashi a gidan su haɗa kuɗi a ɗauko mai taimako, su kuma yanka miki wani abu duk wata. Kada ki ji kunyar wannan. Da baƙuwa aka ɗauko ta yi rabin abin da kike yi, da an biya ta ba gardama, kuma karɓar haƙƙi ba ya rage lada. Yaya likita ne, ya fi kowa sanin kuɗin jinyar gyambo ɗaya in ya kai ƙashi. A kuma yi magana a fili tun yanzu cewa in wani manemin ya fito, ba za a sake cewa ya jira Hajiya ba.

Akwai kuma abin da ya rage naki. In kina da murtala a jaka, ɗauko ki juya bayanta. Matar da ke zaune tana ginin tukunya a jikin takardar naira 20 ɗin nan Ladi Kwali ce, Bagwariya daga garin Kwali. Ba ta yi makarantar boko ba, a hannun 'yar'uwar iyayenta ta koyi ginin tukwane tun tana yarinya. Tukwanenta sun yi kyan da Sarkin Abuja na lokacin, Alhaji Sulaimanu Barau, ya riƙa tara su a gidansa, a can wani Bature ɗan Ingila mai suna Michael Cardew ya gan su. A 1954 ta shiga cibiyar koyon ginin tukwane da ya buɗe a garin, wanda yanzu ake kira Suleja, ita ce mace ta farko a wurin. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello, nan garinku, ta ba ta digirin girmamawa na dakta. Ta rasu a 1984. Ban kawo ta don in ce za a buga hotonki a kuɗi ba, matar da ta taimaki Inna ma ko sunanta ban sani ba, kuma ba ta gaza kowa ba a wurina. Abin da nake so ki lura da shi: Ladi ta riga ta zama gwana, tana kusan shekara talatin, amma ta yarda ta koma ɗaliba, ta koyi juya tukunya a kan na'ura da shafa mata ruwan ƙyalli da gasawa a wuta mai tsanani. Baiwar tana hannunta tun a Kwali, koyon ne ya kai ta inda ƙafarta ba ta taɓa zuwa ba.

Ke ma in zuciyarki na son wannan hanya, tana da makarantu. Akwai karatun ma'aikatan lafiya na al'umma, irin waɗanda ke riƙe da ƙananan asibitocin unguwanni da ƙauyuka: JCHEW shekara 2, CHEW shekara 3. Makarantar kiwon lafiya ta Shehu Idris da ke Maƙarfi ba ta da nisa da ku, asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ma yana da makarantun jinya da ungozoma. Ki ɗauko sakamakonki na WAEC ko NECO ki duba darussan kimiyya da Turanci da lissafi, in akwai wanda ya faɗi a gyara shi da jarrabawar masu zaman kansu ta ƙarshen shekara. Ki je makarantar da ƙafarki ki karɓi sharuɗɗan shiga na bana daga ofishinsu, kada ki dogara da ji-ta-ji-ta. Yaya ya biya kuɗin fom, ƙannenki na jami'a su zauna da ke a kan darussan. Karatun da kika yi wa JAMB kina 'yar shekara 18 ba ki san me kike nema ba daban yake da wanda za ki yi yanzu. Ranar da malami zai zana fata a allo yana bayanin gyambon kwanciya, 'yan ajin za su haddace, ke kuwa tunawa za ki yi.

Takardar ba ita za ta ba ki daraja ba, kin riga kin samu wannan. Amfaninta ta kai hannunki ga tsofaffi ɗari maimakon ɗaya, ta kuma sa a daina samun aikinki a bagas. In kuma kin duba ranki kin ga jinyar Hajiya kika yi don ita Hajiya ce, ba ki son ki ƙare rayuwarki a ɗakin marasa lafiya, wannan ma haƙƙinki ne. Lurar nan da haƙurin nan za su bi ki duk inda kika je, ko ajin yara ne, ko shago, ko ɗakin aurenki.

Haushin Hajiya da kike ji kuwa, ki daina dukan kanki a kansa. Gajiya ce ta shekara huɗu da ba ta samu wurin sauka ba, sai ta sauka a kan wadda ta fi kusa. Kusan duk wanda ya yi doguwar jinya ya san wannan, kaɗan ne ke da gaskiyar faɗa. Ni ma na ji shi a kan Inna, a wasu dararen, kuma ina ƙaunarta kamar raina. Rai dangin goro ne, ruwa ake ba shi. In kin samu hutu da mai karɓarki za ki ga yawancinsa ya tafi. Amma rashin barcin nan da yawan kukan ina so ki sa musu ido. In sun ci gaba, ko abinci ya fita ranki, ko kika fara jin zaman duniyar ya ishe ki, ki je asibiti ki faɗa wa likita kamar yadda za ki faɗi zazzaɓi. Ciwon damuwa ciwo ne, yana da magani, kuma yana yawan kama masu jinya. Kada ki jira sai an gama zaman gida kafin ki yi wannan.

Ki fara da gwaggo a satin nan, ki kuma nemo takardar sakamakon nan duk inda kika cusa ta. Bayan wata ɗaya ki sake rubuto mini yadda kuka yi da Baba, ina jira. Ki gaishe mini da Hajiya da kyau, ki ce wata 'yarta na yi mata addu'a. In ta amsa, ke ce za ki ji abin da ta ce, sai ki haɗo mini da shi a wasiƙar.